Mai Ƙona Koyil ɗin Gwaggo

Zuwa ga abokina Agogo,

Sallama da gaisuwa irin ta tsofaffin da suka daɗe ba su sa juna a ido ba. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara da jikoki, har da gwiwar nan taka da ka ce tana sanar da kai zuwan ruwa tun kafin hadari ya haɗu. Mu ma nan lafiya, gwargwadon lafiyar da zamanin nan ya rage wa mutum.

Wasiƙarka ta iso, kuma na yi mamaki, don na ɗauka gidan waya ma ya bi sauran abubuwan da muka sani suna aiki. Na karanta labarin sabon gidanka, da itatuwan da ka dasa, da barandar da ka ce an gina ta ne domin tsofaffi biyu su zauna su ci gyaran duniya. Na karɓi gayyata. Zan zo, kuma a cikin Gwaggo zan zo, ba a motar haya ba inda za a cusa ni tsakanin buhu da mai tari.

Ka tuna Gwaggo ai, shuɗiyar motar nan da na saya shekarar da aka yi mini ƙarin girma na ƙarshe, wadda ka ce launinta na bokitin wanka ne. Yara ne suka raɗa mata sunan, wai tana tafe tana gunaguni kamar gwaggonsu. Tana nan da ranta. Sai dai kwanan nan ta tsiro da wani hali: koyil ɗinta ke ƙonewa.

Na san tarihi ka karanta, a mota ba abin da ka sani sai kujera, don haka ga darasi kyauta. Koyil wani ɗan baƙin gwangwani ne, bai fi kwalbar maganin tari ba, yana maƙale a gefen inji. Aikinsa ya karɓi 'yar wutar batir ya ƙara mata ƙarfi, har ta yi tartsatsi a bakin fulogi ta kunna fetur. In ya mutu, mota ta zama ɗaki mai taya. Wanda Gwaggo ta zo da shi daga kamfani ya fi auren mutane da yawa daɗewa. Da ya mutu na yi masa uzuri, na ce tsufa ne, kowa zai je. Na sa sabo. Bai rufa wata ba ya bi magabacinsa, kuma a tsakiyar shataletalen da ke gaban ofishin fansho, da rana tsaka.

Ka ga ni nan tsaye na buɗe bonet, ana ta danna mini hon kamar ni na ƙirƙiro cunkoso. Wani tsohon ɗalibina, wanda na shafe shekara ina fama in cusa masa bambancin waya mai wuta da marar wuta, ya sauke gilashin ƙatuwar motarsa, ya yi mini sannu, ya ɗage gilashin ya wuce. Wannan shi ne ladan koyar da ilimin lantarki tsawon rayuwa. Na daɗe da yanke hukunci cewa duk maganar da na yi a gaban allo bango ne ya ji ta, shi ma bangon tuni an rushe shi an yi shaguna.

Makanikena, wanda muke kira Sai Gobe saboda amsarsa kenan ga kowace tambaya, ya ce koyil ɗin jabu ne. Mai sayar da kayan mota ya rantse da kabarin mahaifinsa cewa mai kyau ne. Ni kuwa na gaskata makanike, don a zamanin da zuma jabu ce, takardar shaida jabu ce, me zai sa gwangwani ya yi gaskiya? Sai Gobe kansa ban yaba masa ba. Duk sanda na shiga motar sai in tarar an matso da kujera gaba, gwiwata na dukan sitiyari, madubi kuma yana kallon ƙasa. Ya ce shi bai taɓa ba. Wa zai taɓa in ba shi ba?

Ka tambayi idona. Watannin baya uwar 'ya'yana ta raka ni wurin likita, wani matashi da bai gama tsirar gemu ba. Ya ce yanar ido ce ta fara rufe na dama. Ya yi ta bayani a kan yadda haske ke shiga ido, ya yi kuskure a wuri biyu, na gyara masa. Ban tsaya jin sauran ba.

Gwamnati tana gaishe ka da mai ɗakinka. Har yau da sunan nan nake kiran uwar 'ya'yana, don ita kaɗai ce gwamnatin da na taɓa gani tana aiki. Ta ce in rubuta maka cewa ƙorafina ya ƙaru, gashina ya ragu.

Ka huta lafiya.
Abokinka tun ɗakin kwanan makaranta,
Sarkin Ƙorafi


Agogo, amini na ƙwarai,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida baki ɗaya, da fatan itatuwanka sun kama ƙasa. Na ji daɗin jin cewa jikarka ta fara tafiya. Allah ya raya ta, ya sa kada ta zama malamar makaranta.

Ka ce in bar Gwaggo a gida in hau jirgin ƙasa. Ban ji wannan maganar ba, kai ma ka yi kamar ba ka rubuta ta ba.

Wani koyil ɗin ya sake ƙonewa. Wannan karon a ƙofar kantin magani, kuma rashin sa'a matar babban ɗana tana ciki tana saye. Kafin in gama rufe bonet labari ya isa ofishin mijinta. Ka tuna babban ɗana, wanda muke kira Manaja tun yana rarrafe saboda yadda yake rarraba wa ƙannensa aiki. Ya zo da yamma ya zauna a falo, ya ajiye wayoyinsa biyu a kan tebur, ya yi gyaran murya irin ta masu sallamar ma'aikata. Ya ce shi ba zai zauna yana jiran ranar da za a kira shi a ce mahaifinsa na tura mota a babban titi ba. Ya ce in Gwaggo ta ƙara mutuwa a hanya, zai turo janwe ta ja ta zuwa wurin 'yan gwangwan, shi kuma ya riƙa turo mini mota ta waya duk inda nake son zuwa.

Ka fahimci abin da wannan ke nufi? In ina son jarida, sai na nemi izini. In ina son in je bakin kogi in zauna ban yi wa kowa magana ba, sai na bayyana dalili ga yaron da na wanke wa kashi. An karɓe mini aji, an karɓe mini ofis, an ba wanda ya fi ni iya durƙuso. Wannan makullin shi kaɗai ya rage a hannuna wanda in na murɗa wani abu ke amsawa.

Gwamnati ta ɗauko buta. Ta zuba wa ɗanta shayi, ta zuba mini, ta koma tana tsintar zare a jikin matashin kujera.

Sai Gobe ya riga ya canja fulogi, ya canja wayoyi, ya duba duk abin da hannu ke kaiwa, daga ƙarshe ya soma maganar ko in sa a yi wa motar addu'a. Sai na yanke shawarar in bi abin da kaina. Na tafi filin nan na bayan gari inda ake yanka tsofaffin motoci. Agogo, can ne maƙabartar zamaninmu. Na yi ta ratsa gawarwaki har na iske 'yar'uwar Gwaggo, uwa ɗaya uba ɗaya, ba taya ba gilashi, kaza ta yi ƙwai a kujerar baya. Na buɗe bonet, sai ga koyil na asali, da tambarin kamfani a jikinsa, ƙura kawai ta rufe shi. Da hannuna na kwance shi. Na rungumo shi zuwa gida kamar an ba ni jariri.

Da na ɗaura shi, murɗawa ɗaya ta tashi. Muryarta ta koma irin ta shekarun da muke da gashi. Na shiga gida na ce wa Gwamnati ta ɗauko mayafinta, za mu sha iska. Muka bi hanyar bakin kogi, gilashi a sauke, har na kama kaina ina waƙa.

Wani abu ya ba ni mamaki a tafiyar. Maimakon ta kalli ruwa, ƙafafuna take kallo. Ta tambaye ni me ya sa nake taka kuloci kafin in sa giya, me ya sa nake rage gudu tun ban kai kwana ba, yaya nake sanin lokacin canja giya ba tare da na duba komai ba. Rabon da wani ya yi mini tambaya don yana son amsa, har na manta. Na yi mata lacca tun daga gada har gida. Na lura leɓɓanta na motsi a hankali, na ɗauka addu'a take yi saboda tsoron tuƙina, na ɗan ji haushi, amma ban bari ya ɓata mini ranar ba.

Ka share barandar. Wannan koyil ɗin an yi shi ne lokacin da masu yin abu ke jin kunya.

Naka har kullum,
Sarkin Ƙorafi


Agogo,

Gaisuwa a taƙaice, da fatan kowa lafiya. Kada ka yi dariya in ka karanta wannan.

Na asalin ma ya mutu.

Abin da ya cece ni shi ne a cikin gareji ya mutu, ba a hanya ba, kuma Manaja hanya ya ce. Na riƙe wannan kalmar kamar lauya. Amma na kwana biyu ba na cin abinci sosai. In na jabu ya ƙone, duniya ce ta lalace, wannan kuwa na saba da shi, har daɗinsa nake ji. In na asali ya ƙone, to ba ni da wanda zan zaga.

Ga yadda abin ya faru. Ranar ban fita da motar ba sam. Da yamma bayan na tashi daga barcin rana, na shiga gareji in goge mata ƙura, na buɗe bonet don kawai in kalli abin alfaharina. Na ɗora hannu a kansa, na janye da sauri. Zafi kamar butar shayi. Inji kuwa sanyi ƙalau, ko tari bai yi ba tun jiya.

Na zauna a kan tsohuwar taya na yi tunani irin wanda na daɗe ban yi ba. A irin waɗannan tsofaffin motocin, in aka murɗa makulli har jar fitilar gaban sitiyari ta kama, amma ba a tayar da inji ba, wuta takan yi ta kwarara cikin koyil ba ta da mafita, har ya dahu a cikin gwangwaninsa. Na koyar da wannan da bakina. Abin da ya sa bai taɓa zuwa mini a rai ba shi ne, makullin Gwaggo a ƙusar bayan ƙofar ɗakina yake rataye, kuma tun da aka ƙera ta ba mai taɓa shi sai ni.

To wani yana taɓawa. Wani yana shiga motata ina barci, ya murɗa makulli, ya zauna. Na zargi telan da ke maƙwabtaka da mu, don ya daɗe yana yi wa garejina kallon shago. Na gaya wa Gwamnati zargina, ta ce in ji tsoron Allah in bar bawan Allah da kekensa, ta tashi ta shiga kicin da sauri.

Gobe zan kwanta barcin rana da ido ɗaya a buɗe, mai kyan.

Naka,
Sarkin Ƙorafi


Abokina Agogo,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina gaida mai ɗakinka, ina gaida gwiwarka, ina gaida har itatuwan. In ka ga rubutuna ya karkace, dariya ce take katse ni. Nemi wuri ka zauna.

Na kama ɓarawon.

Bayan abincin rana na kwanta kamar kullum, na juya wa ƙofa baya, na shiga jan minshari na ƙarya, wanda na gane daga baya bai kai na gaskiya ƙarfi ba. Can sai na ji an turo ƙofa a hankali, an zare makulli daga ƙusa, an fita. Na ba da ɗan lokaci, na ɗauki sandata, na bi ta bayan gida ba takalmi, na laɓe bayan duron ruwan da ke bakin gareji.

Abin da na fara ji shi ne ƙarar sigina, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Na leƙa. Fitilar gefe na ƙiftawa a jikin bango. A kujerar direba kuwa, an matso da ita har ƙarshe, ga Gwamnati zaune a kan matashin falo, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta miƙa wuya gaba. Inji a kashe, jar fitila a kunne. A gabanta ba komai sai bangon gareji da tsohuwar kalanda.

Tafiya take yi, Agogo. Ta taka kuloci, ta sa giya, ta saki a hankali, ta duba madubi. Ta juya sitiyari ta shiga kwanar da ba mai ganinta sai ita. Daga yadda take juyawa na gane hanyar: ta fita layinmu, ta wuce gidan mai, ta nufi asibitin ido. Da ta iso shataletale sai ta rage gudu, ta leƙa ta taga, ta buɗe baki, sai na ji muryata ta fito daga bakin matata:

"Kai mai farar motar nan, lasisin a kasuwa ka saya ko gadonsa ka ci? Sigina ba ado ba ce, bawan Allah. Duniya ta lalace, kowa direba."

Ta ja tsaki, irin nawa sak, mai tsawon nan da ke ƙarewa da girgiza kai. Sannan ta canja giya daidai inda nake canjawa.

Na toshe bakina da hula. Na yi dariya har hawaye ya wanke mini yanar ido, har sandar ta kuɓuce ta daki duro. Ba ta firgita ba. Ta ɗaga ido ta dube ni ta cikin madubin nan da na yi watanni ina zagin Sai Gobe a kansa, ta ce, "Malam, matsa daga bayan mota, ribas zan yi."

Na zagaya na buɗe ɗaya ƙofar na zauna a kujerar da ban taɓa zama ba. Na miƙa hannu na kashe makullin. Muka zuba wa kalanda ido. Da na tambaye ta dalili, ba ta yi kwana-kwana ba.

"Likita ya faɗa, kai ba ka ji ba, kana gyara masa bayani. Ni na ji. Ya ce in abin ya ci gaba sai ka ajiye tuƙi. In aka raba ka da motar nan, a falo za ka zauna ka yi tsami, kuma ni ce zan zauna da kai."

Tun ranar da muka dawo daga asibiti take wannan aikin, kullum ina barci. Ta ce makullin dole ta murɗa shi, don in ba haka ba sitiyari a kulle yake, sigina kuma ba ta ƙiftawa, ita kuwa ba za ta koyi tuƙi irin na mutanen da nake zagi ba. Injin ne ba ta tayarwa, don kada ta tashe ni, kada kuma ta ƙona mini fetur a banza. Tausayin fetur ɗina ne ya cinye koyil ɗina.

Na bayyana mata yadda wuta ke dafa gwangwanin. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce duk laccocin da na yi mata a motar nan tun yara na goye, a kan birki, a kan taya, a kan lalacewar tarbiyyar direbobin bas, ban taɓa faɗin wannan ba, don haka laifin malami ne. Ta ƙara da cewa ranar da Manaja ya yi maganar janwe ta so ta yi magana, amma ba ta san ita ce ke kashe motar ba, ta ɗauka da gaske duniyar ce.

Na gwada ta da tambayoyi. Tazarar da ake bari a bayan babbar mota, abin da ake yi in birki ya ƙi a gangara, dalilin da ba a wuce mota a kan kwana. Ta amsa duka, da kalmomina, har da inda nake tsayawa in yi tari. Agogo, na shafe rayuwata ina cewa ba wanda ya taɓa saurarena. Ashe ɗalibar tana gefena tun farko, da kwandon cefane a cinya.

Ban san me ya shiga idona ba a lokacin. Na ce mata ƙurar gareji ce.

Ta roƙe ni kada Manaja ya ji sai ta iya da gaske, don zai ce shekarunta sun wuce, ya kawo hujjoji a rubuce. Na yi alkawari. Gobe da safe zan je in sayo koyil, mu fara da inji a kunne.

Naka cikin wani hali da ban san sunansa ba,
Sarkin Ƙorafi


Zuwa ga Agogo, abokin arziki,

Sallama mai tarin yawa gare ka da iyalinka. Ka yi mini afuwar dogon shiru. Na koma bakin aiki, kuma ka san malami ba ya samun lokacin kansa.

Na sayo koyil a wurin mai sayar da kayan motar nan da na kira maƙaryaci a gaban abokan cinikinsa. Na yi masa sallama da fara'a, na tambayi iyalinsa. Ya tsorata, ya ja da baya, ya tambaye ni ko jikin ne. Wannan koyil ɗin nasa shi ke cikin motar har yau, ko ɗumi bai cika yi ba.

Na nemo wa Gwamnati takardar izinin koyo, muka liƙa jan harafin nan na masu koyon tuƙi gaba da baya, muka riƙa zuwa filin da ke bayan rufaffiyar masaƙa da sassafe. Kada ka ɗauka abin ya zo da sauƙi. Motar da ke tsaye a gareji ba ta gardama. Ranar farko da ta saki kuloci, Gwaggo ta yi tsalle kamar akuya ta mutu, hulata ta faɗa kujerar baya. Gwamnati ta dubi sitiyari ta ce a gareji ba haka take yi mata ba. Mun yi faɗa a filin nan fiye da wanda muka yi a duk zaman aurenmu. Sau ɗaya ta kashe mota, ta fita, ta kama hanyar gida a ƙasa, na bi ta a hankali ina ba ta haƙuri ta taga. Amma kullum gari ya waye ita ke riga ni ɗaukar matashi.

Sai Gobe ne ya tona mu, ba da mugun nufi ba. Manaja ya kai masa tasa motar, shi kuma baki ya kuɓuce masa ya ce ai na asalin ma ya ƙone. Wata safiya muna shirin fita sai ga janwe ta toshe ƙofar gida, Manaja ya fito daga motarsa da fuskar ta'aziyya. Ya fara da cewa shi ma ba da son ransa ba. Na bar shi ya gama, don na koyi saurare kwanan nan. Sannan na ce masa sharaɗinsa a kan motar mahaifinsa ne, ni kuwa yanzu ba ni da mota, na ba uwarsa. In yana son ɗauka, ga mai ita nan.

Ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce. Sai ga ta ta fito, matashi a hammata, makulli a yatsa. Ta amsa gaisuwarsa, ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ka gaya wa mai ƙatuwar motar nan ya matsa mini daga ƙofa. Babanka zan kai asibiti."

Direban janwe bai jira an gaya masa ba. Gwamnati ta shiga Gwaggo, ta gyara madubi, ta tayar. Ta sa ribas, motar ta mutu. Zuciyata ta tsaya tare da ita. Manaja ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa yatsa ɗaya ta taga, irin wanda take ɗaga masa yana ƙarami in ya nufi tukunya. Ta sake tayarwa, ta fito da Gwaggo a hankali, ta bi ta tsakanin janwe da katanga ba ta goga ko'ina ba, ta kunna sigina a layin da ba kowa sai kyanwa. Tela ya fito ƙofar shagonsa yana tafi da almakashi a hannu.

Manaja ya shiga baya ya bi mu har asibiti, ya riƙe kujerata da hannu biyu, yana ta cewa "Mama, a hankali," alhali ko mai keke yana wuce mu. Da muka isa ya tambaye ta yaushe ta koya. Ta ce tun kafin a haife shi.

In ba shi haƙƙinsa, yaron ya yi abin kirki. Ya sallami janwe, ya dage sai ta shiga makarantar tuƙi ta yi jarrabawa kamar kowa. Karon farko ta faɗi. Tuƙin ba laifi, amma ta leƙa ta taga ta tambayi wani direban bas inda ya sayi lasisinsa, mai jarrabawa yana zaune a gefenta. Da ta dawo ta ce wannan ma laifin malami ne. Karo na biyu ta haɗiye maganarta, ta ci. Lasisin yana cikin jakarta, tana fito da shi ko ba a tambaya ba.

Idona kuwa, likita ya ce za a cire yanar bayan damina, kuma mai yiwuwa in koma gani tangaran. Wannan karon na bar shi ya gama bayaninsa. Gwamnati ta ce ko na koma ganin allura a cikin duhu, makulli ya bar ƙusar ɗakina kenan. Ban yi gardama sosai ba. Zan gaya maka wani abu, ka riƙe shi a cikinka: kujerar gefe tana da daɗi. A hanyar da na bi tsawon shekaru akwai wata bishiya mai jan fure a bayan gidan mai, ban taɓa ganinta ba sai yanzu da ido ɗaya da rabi. Na nemi a bar mini aikin zagin direbobi, ta ce a'a, ta fi ni iyawa, ni in riƙa duba mata gefena kawai.

Ƙonannun koyil ɗin suna jere a tagar kicin. Ta hana a zubar, wai takardun shaidarta ne. Na saci na asalin zan kawo maka tsaraba, ka danne takardu da shi.

Muna tafe ranar Asabar in Allah ya yarda. Za mu fito da sassafe, amma kada ka sa ran ganinmu da wuri, don ba ta wuce ko mai amalanke sai ta tabbatar da halinsa. In ka hango shuɗiyar mota ta kunna sigina tun daga nesa, mu ne. Ka buɗe ƙofar gidan duka ɓangarorin biyu, ka kuma janye tukwanen furannin mai ɗakinka, don har yanzu ita da Gwaggo ba su gama daidaitawa a kan faɗin gefena ba. Ka ƙara kujera ɗaya a barandar. Direba ma za ta zauna, kuma tana da abin faɗa a kan duniya.

Sai mun iso.
Abokinka,
Fasinja